Kumburin saifa ga masu CLL, wa ya taɓa jinyar irin wannan?

Maman Ilham, Agege:
Salam 'yan uwa. Babanmu ne likitoci suka ce yana da CLL, kansar jini mai tafiya a hankali da ke kama fararen ƙwayoyin jini. Yanzu saifarsa ce ta kumbura har ana jinta da hannu ƙasan haƙarƙarin hagu, loma uku ya ce ya ƙoshi, ga rama. Don Allah wanda ya ga irin haka ya faɗa mana.

Alhaji mai albasa, Mile 12:
Wa alaikumussalam 'yata. Ni da kaina ne mai ciwon. Rashin cin nan ba taurin kai ba ne, saifar ce ke danne tumbi, ku daina tura masa malmalar tuwo, ku riƙa ba shi kaɗan kaɗan sau da yawa, kunun gyaɗa, ƙwai, romo. Ni da aka ɗora ni kan maganin kansa chlorambucil saifar ta ja baya sosai har na koma ɗaura wando ba zafi. Akwai sababbin magunguna irin su ibrutinib amma kuɗinsu sai dai addu'a.

Aunty Zee, Obalende:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Mu Hajiyarmu an daɗe ana mata maganin maleriya, aka ce saifar sauro ce, kuma gaskiya ne maleriya tana kumbura saifa a ƙasar nan shi ya sa ake ruɗewa, sai da wani likita ya ce a yi cikakken gwajin jini a duba shi a madubin likita sannan aka ga fararen ƙwayoyin sun yi yawa fiye da ƙima, ga kaluluwa a wuya da hammata da muka ɗauka ba komai ba ne. Abin da ya fi wahalar da mu shi ne saifar in ta girma riƙe jini take yi tana cinye shi, a ƙara wa Hajiya jini leda biyu bayan ɗan lokaci tafin hannunta ya sake yin fari fat, dasashi na jini in ta yi asuwaki saboda ƙwayoyin da ke tsayar da jini sun yi ƙasa. Kuma don Allah kar ku bari a kai shi wajen wanzami, mu dangi daga gida har cewa suka yi a yi mata tsaga a ciki, yayana ya ce sam.

Sani Apapa:
Kawuna wata rana a danfo aka matse shi, da daddare ya fara kukan ciwo gefen hagu yana hawa har kafaɗa, zufa, jiri. Ashe saifar ce ta fashe jini na zuba ciki. Cire ta aka yi a daren. In kun ga wannan alamar kar a tsaya shafa man zafi, asibiti kai tsaye.

Nas Hauwa, Idi-Araba:
Haka ne Sani. Amma Maman Ilham kar hankalinki ya tashi, yawanci ba a cirewa, maganin kansar ake fara bayarwa ita kuma ta sauka. In cirewar ta zama dole kuma ba na gaggawa ba ne, ana yin allurar rigakafin nimoniya da sanƙarau aƙalla mako 2 kafin aiki, bayan nan kuma zazzaɓi kowane iri ba a kwana da shi a gida, maleriya tana tsanani ga mara saifa, gidan sauro dole. Banda ɗaukar kaya mai nauyi, banda aspirin sai likita ya ce.

Maman Ilham, Agege:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba Alhaji, azumi fa, kana yi ko likita ya hana?

Alhaji mai albasa, Mile 12:
Shekarar da nake shan magani ciyarwa na yi. Ku tambayi likitansa ranar kilinik, kowa da yadda jininsa yake.