Magungunan gargajiyar Sin na zaizayar ƙashi: abin da masu aiki da su suka gani

Mai buɗe zance:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwanakin nan ana yawan kawo wa iyayenmu mata kafson ƙarfafa ƙashi tsaraba daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin, kwalin duk rubutun Sinanci, ko adadin da za a sha babu mai iya karantawa. A cikinmu akwai masu harhaɗa magunguna da likitoci da waɗanda suka yi karatu a can. Don Allah kowa ya kawo abin da ya sani a aikace: me ke cikinsu, nawa ake sha, kuma ta ina matsala ke ɓullowa.

Tsohon ɗalibin Nanjing:

Wa alaikumus salam. Abu na farko, ko a asibitocin maganin gargajiya na ƙasar Sin ba da ganye ake farawa ba. Ana fara auna ƙwarin ƙashi da na'urar DXA, a ƙashin baya da na ƙugu. Idan makin T, wato sakamakon awon, ya kai -2.5 ko ya yi ƙasa da haka, zaizayar ƙashi ce. Tsakanin -1 da -2.5 kuma ƙashi ya fara rauni amma bai kai can ba. Cutar ta yi yawa a can: binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 32.1 cikin 100 na matan da suka haura shekara 50 suna da ita, maza kuma kashi 6.

Bayan awo sai likitan gargajiya ya raba marasa lafiya. A iliminsu ƙoda ce ke riƙe da ƙashi, kuma idan sun ce ƙoda ta yi rauni ba suna nufin gwajin jini zai nuna ciwon ƙoda ba. Kaso biyu ne suka fi yawa. Akwai mai jin sanyi kullum, ƙafafu sanyi ƙalau, yawan fitsarin dare, harshe fari-fari. Ita ake ba magunguna masu ɗumi irin su ganyen yinyanghuo da 'ya'yan buguzhi da ɓawon duzhong, ko haɗin Yougui Wan. Akwai kuma mai zufar dare, zafin tafin hannu da na ƙafa, bushewar baki, jan harshe. Ita ake ba Zuogui Wan ko Liuwei Dihuang Wan, waɗanda jigonsu shudihuang ne, wato saiwar dihuang da aka turara.

Kuskuren da ya fi faruwa shi ne a ɗauki maganin ɗumi a ba matar da al'ada ta ɗauke mata ba da daɗewa ba, tana fama da tashin zafi. Cikin mako ɗaya ko biyu sai bushewar maƙogwaro, haɓo, taurin bayan gida, rashin barci da bugun zuciya. Maganin ba jabu ba ne, ba nata ba ne kawai. A kuma sani Yougui Wan yana ɗauke da fuzi, saiwa ce mai dafi da ake sarrafawa kafin a yi amfani da ita, mai ciwon zuciya kada ya kusance shi ba da likita ba.

Mai harhaɗa magunguna:

Malam ya yi bayani mai kyau. Ni zan kawo awo da dafuwa, don a nan ake yawan ɓata magani.

Adadin yini ɗaya a ƙa'idar magunguna ta ƙasar Sin: yinyanghuo giram 6 zuwa 10, buguzhi 6 zuwa 10, duzhong 6 zuwa 10, gusuibu 3 zuwa 9, xuduan 9 zuwa 15, shudihuang 9 zuwa 15. Da sikeli ake aunawa, ba da hannu ba. Ganyen yinyanghuo ba shi da nauyi, giram 10 ya cika hannu, amma 'ya'yan buguzhi ƙanana ne masu nauyi, wanda ya ɗebo da ido zai iya ninka adadin bai sani ba, kuma shi ne mafi haɗari ga hanta a cikinsu.

Sannan yawancinsu ba ɗanye ake sha ba. Yinyanghuo ana soya shi da kitsen tumaki, kilo 20 ga kowane kilo 100 na ganye. Buguzhi ana soya shi da ruwan gishiri. Duzhong ɓawon itace ne, idan aka karya na gaske za a ga farin zare mai danƙo yana miƙewa tsakanin gutsattsarin, kuma ana soya shi da ruwan gishiri har zaren ya riƙa tsinkewa, don danƙon yana hana sinadarin fita cikin ruwa. Gusuibu saiwa ce mai gashi, ana gasa ta cikin yashi mai zafi a kakkaɓe gashin. Wanda ya sayo ɗanye a kasuwa ya dafa, ba abin da likita ya rubuta ya sha ba.

Dafuwa kuwa: tukunyar ƙasa ko ta tangaran ko ta bakin ƙarfen da ba ya tsatsa, ban da ta dalma da ta baƙin ƙarfe. A jiƙa da ruwan sanyi minti 30, ruwan ya haura maganin da kamar yatsa biyu. Idan ya tafasa a rage wuta sosai, a bar shi minti 40 zuwa 60. A tace, a sake zuba ruwa a dafa minti 30, a haɗa ruwan farko da na biyu, ya kama kusan mililita 400, a raba safe da yamma. Idan akwai ɓawon kawa, wato muli, shi ake fara dafawa shi kaɗai na minti 30. Idan akwai daskararren romon ƙahon barewa, ba a dafa shi tare da sauran, narkar da shi ake yi daban a zuba, in ba haka ba ya manne a gindin tukunya ya ƙone. Maganin da ya ƙone a zubar, ba a ƙara masa ruwa.

Shudihuang yana da nauyi a ciki. Mai saurin kumburin ciki ko gudawa ya sha bayan abinci, kuma shi ya sa likitoci kan haɗa shi da busasshen ɓawon lemo.

Likitan ƙashi:

Allah ya saka. Tambayar da nake so kowa ya riƙe ita ce: shin maganin yana hana karaya? Don abin da muke tsoro ke nan, karayar ƙugu da lotsewar ƙashin baya da karayar wuyan hannu, ba ciwon baya kaɗai ba.

Gwaji mafi kyau da aka yi kan yinyanghuo an buga shi a 2007. Mata 100 da suka daɗe da daina al'ada, shekara biyu ana bin su. Rabi suna shan sinadarin da aka tace daga ganyen, miligiram 60 na ikarin a yini tare da wasu sinadarai biyu, rabi suna shan ƙwayar da babu magani a cikinta, kuma dukansu suna shan kalsiyam. Masu shan maganin ƙashinsu ya riƙe ƙwarinsa, na sauran ya ci gaba da raguwa. Sakamako ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma mutum 100 ba su isa a ƙirga karaya ba. A 2014 ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 108 da mutum fiye da 10,000, ta ce yawancinsu ba a tsara su da kyau ba, don haka amfanin bai tabbata ba. Abin da ake gani a ɗakin duba marasa lafiya ya yi daidai da wannan: ciwon baya da na gwiwa kan yi sauƙi, mutum ya fi iya tafiya, amma sauƙin ciwo ba shaida ce ta ƙwarin ƙashi ba.

Sai maganar hanta, wadda ita ce ta fi damuna. Kafson da aka fi kawowa shi ne Xianling Gubao, daga lardin Guizhou. Abu shida ne a cikinsa: yinyanghuo, xuduan, buguzhi, dihuang, danshen da zhimu. A Disamban 2016 hukumar kula da magunguna ta ƙasar Sin ta fitar da gargaɗi cewa yana iya lahanta hanta, musamman ga tsofaffi da masu shan sa na dogon lokaci. Wani maganin gaɓoɓi mai suna Zhuanggu Guanjie Wan, shi ma mai buguzhi da yinyanghuo, an yi irin wannan gargaɗi a kansa tun kafin nan. A wajenmu abin ya fi muhimmanci, saboda mutane da yawa suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B ba su sani ba. Kafin a fara a yi gwajin ciwon hanta na B da C da kuma ALT da AST, gwajin jini na lafiyar hanta. A maimaita ALT da AST bayan mako huɗu. Idan ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko aka ji tashin zuciya da kasala da ƙin abinci, a daina nan take a tafi asibiti da kwalin a hannu.

Tsohon ɗalibin Nanjing:

Likita, a takardar Xianling Gubao kafso uku ne sau biyu a yini, zango ɗaya mako huɗu zuwa shida. Wanda ya tsaya a nan haɗarinsa kaɗan ne. Masu shiga matsala su ne masu shan sa wata da watanni, ko su haɗa shi da wani mai irin kayansa.

Likitan ƙashi:

Haka ne Malam, kuma a nan gizo ke saƙar. Ƙashi ba ya sauyawa cikin mako shida. Zagaye ɗaya na rushe tsohon ƙashi da gina sabo yana ɗaukar watanni, shi ya sa ba ma maimaita DXA sai bayan shekara ɗaya ko biyu. To gajeren zango zai rage ciwo amma ba zai gyara ƙashi ba, dogon zango kuma shi ne mai taɓa hanta. An ma gwada wannan kafso na shekara guda a kan mata 180, aka buga a 2012: ƙwarin ƙashin baya ya ɗan ƙaru a wata shida, ƙarin bai ɗore ba, kuma ninka adadin bai ƙara amfani ba. Saboda haka wadda ta taɓa karaya daga 'yar faɗuwa, ko tsawonta ya ragu, ko bayanta ya fara lanƙwasa, maganin asibiti take buƙata. Na gargajiyar ya zo a matsayin ƙari, da sanin likitanta.

Ma'aikaciyar jinya:

Likita ya gama magana, ni haɗa magunguna zan taɓo. Mai shan alendironet, maganin asibiti na zaizayar ƙashi, miligiram 70 sau ɗaya a mako, ta sha shi da sassafe kafin ta ci komai, da cikakken kofin ruwa zalla, ta zauna ko ta tsaya a miƙe minti 30. Kada ta kora shi da ruwan dafaffen magani, musamman mai ɓawon kawa, don kalsiyam na kama shi a hanji ya fita a banza. Mai karɓar allurar denosumab duk wata shida kada ta daina don ta samu kafso daga Sin. Daina ta kwatsam na jawo lotsewar ƙashin baya fiye da ɗaya cikin ɗan lokaci.

Saiwar danshen da ta danggui suna ƙara ƙarfin warfarin, maganin hana daskarewar jini, sai a ga dasashi na jini ko fata ta yi tabo ba a buge ba. Gancao, saiwar nan mai zaƙi da ke cikin haɗe-haɗe da yawa, tana ɗaga hawan jini idan aka daɗe ana sha. Buguzhi kuma yana sa fata saurin ƙonewa a rana, wannan kuwa a yanayinmu ba ƙaramin abu ba ne. Wadda ta taɓa sankarar mama ko ta mahaifa ta tambayi likitanta kafin ta sha yinyanghuo ko buguzhi, don suna da sinadarai masu aiki irin na sinadarin mata.

Sai abin da ya fi ba ni tsoro: 'yan ƙwayoyin ciwon ƙashi marasa cikakken suna da ake cusa wa dekisametazon, maganin bature mai kwantar da kumburi, a ɓoye. Alamar ita ce ciwo ya tafi cikin kwana biyu, cin abinci ya buɗe, fuska ta yi kumburi, suga ya hau. Ganye ba ya aiki da irin wannan sauri. Dekisametazon shi kansa yana cinye ƙashi, kuma wadda ta yi makonni a kansa ba a tsayar mata lokaci guda, likita ne zai rage mata a hankali.

Mai odar kaya daga Guangzhou:

Hajiya, wannan batu na ƙarshe shi ya sa duba kwali ya zama dole. Maganin da hukumar Sin ta amince da shi yana da lambar izini, harafin Z da lambobi takwas idan na gargajiya ne, harafin H idan na bature ne. Kwali mai alamar shuɗiyar hula abincin ƙarin lafiya ne, ba magani ba. Wanda ba shi da ko ɗaya a bar shi. A saya a kantin magani ko a asibiti, a karɓi rasit, a ɗauki hoton takardar cikin kwalin a fassara da waya. Busasshen magani a kasuwa irin ta Qingping, idan ya yi fari fes yana warin ashana an turara shi da farar wuta. Mai fumfuna kuma ba ya wankuwa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musulmi. Kafson Jintiange, wanda ake ce wa ƙashin damisa, babu damisa a cikinsa, tun 1993 Sin ta haramta cinikin ƙashinta. Da ƙasusuwan dabbobin kiwo ake yin sa, har da na alade. Shudihuang sau da yawa da giyar shinkafa ake turara shi, amma akwai wanda ake turarawa da ruwa zalla, sai a tambaya. Ɓawon kafso ma a binciki da me aka yi shi.

Mai harhaɗa magunguna:

Alhaji ya tuna mini da Qianggu. Shi daga gusuibu kaɗai ake tace shi, babu buguzhi a ciki, kafso ɗaya sau uku a yini bayan abinci, zangonsa wata uku. Abin da aka fi kuka da shi bushewar baki da taurin bayan gida. Kuma kowanne aka zaɓa, babu wanda ke ɗauke da kalsiyam da bitamin D da jiki ke buƙata. Wanda ya haura 50 yana son kalsiyam miligiram 1,000 zuwa 1,200 a yini, yawancinsa daga abinci, nono da kindirmo da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya da ganye, sai bitamin D kusan awo 800 na ma'aunin IU da ake rubutawa a kwalinsa. Idan ƙwayar kalsiyam ce, kada a wuce miligiram 500 zuwa 600 a lokaci guda, a sha tare da abinci.