Wane taimako ne ya fi amfanar mai fama da ciwon daji?

Mai tambaya, daga Katsina:
Assalamu alaikum. Likitoci sun tabbatar wa yayata cewa tana da sankarar mama, kuma za ta fara karɓar kemo, wato maganin asibiti mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin sankara. Ina roƙon waɗanda suka yi jinyar irin wannan ciwo su faɗa mana abin da ya taimaka musu, domin mun rasa ta inda za mu fara.

Wata uwa, daga Kano:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Ni na sha kemo, kuma abin da ya fi gajiyar da ni shi ne yawan 'yan dubiya. Maganin yana rage ƙwayoyin jinin da ke kare jiki, saboda haka mai mura bai kamata ya shigo ɗakinta ba, zazzaɓi kuma idan ya taso a tafi asibiti nan take, kada a jira gari ya waye. Wasu masu dubiyar, da kyakkyawar niyya, sai su zauna suna lissafa mini waɗanda ciwon ya kashe, wasu kuma su zo da ƙullin magani suna cewa jifa ne, in daina zuwa asibiti. Wadda ta fi kowa amfanata maƙwabciyata ce. Ba ta taɓa tambayata me nake bukata ba, sai dai ta kwashe wankin yara, ta damo kunu mai ɗan tsami a kwanakin da bakina ya yi gyambo, ƙamshin miya ma yana tayar mini da zuciya. Ranar da gashina ya fara zubewa, ita ta aske sauran, ta ɗaura mini ɗankwali.

Wani magidanci, daga Zariya:
Mahaifinmu ya yi jinyar sankarar mafitsara. Shawarata ita ce ku ware mutum ɗaya mai riƙe takardun gwaji da ranakun ganin likita, wanda zai riƙa shiga wajen likita tare da yayarku yana rubuta bayani, domin mara lafiya ba ya riƙe rabin abin da aka faɗa masa. Ku tanadi masu ba da jini tun da wuri. Ku kuma tambayi sashen walwala na asibiti game da asusun tallafin masu ciwon daji na Gwamnatin Tarayya, wanda ya shafi sankarar mama, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana cikin inda aka fara shi.

Wata 'yar'uwa, daga Maraɗi:
Kada ku manta da mai jinya. Ni na kwana da mahaifiyata wata da watanni, kowa yana cewa sannu da ƙoƙari, amma babu mai cewa je ki kwanta, zan karɓe ki. Ku raba kwanan asibiti tsakaninku tun yanzu. Idan yayarku ta ce tana jin tsoro, ku bar ta ta gama magana kafin ku ce ta yi haƙuri.