"National identity": ina goyon bayan mu ce su-waye-mu

1/ Masu fassarar labaran duniya, ga wata kalma da ke hana mu sakat, mai nufin yadda ƙasa ke ganin kanta. Bature ya ce "national identity", Balarabe ya ce huwiyya wataniyya. Mu fa? An kawo mini shaida, an kawo kishin ƙasa, an kawo asali. Na gwada su a kan Maroko, don ƙasa ce da abin ke jan akalar hulɗarta da waje a fili.

2/ Shaida ta kati ce. Kishin ƙasa kuwa abin da ke zuciyar ɗan ƙasa ne, wani batu daban.

3/ Asali ne ya kusa. Sarki Muhammad na Shida ɗan gidan Alawiyyai ne, sharifai, kuma tsarin mulki ya kira shi Amirul Muminina. Da wannan rawanin ya buɗe cibiyar horar da limamai a Rabat a 2015, ɗalibai suna zuwa daga Mali da Gini har da Najeriya. Ga kabarin Shehu Ahmadu Tijjani a Fas, inda 'yan uwanmu Tijjanawa ke kai ziyara. Duk wannan asali ya ɗauke shi.

4/ Amma duba gabatarwar tsarin mulkin 2011. Ƙasar ta zauna ta lissafa kanta da kanta: Larabci da Musulunci, Amazig (wato Barbar), Hassaniyyar Sahara, sannan rassan Afirka, Andalus, Yahudawa da Bahar Rum. Asali gado ne, ba ka zaɓensa. Wannan kuwa zaɓi ne aka yi da gangan, kuma yana da farashi. Saboda rikicin Yammacin Sahara, yankin da take cewa nata ne, Maroko ta fice daga ƙungiyar haɗin kan Afirka a 1984, ba ta dawo ba sai 2017. Ƙasa ba ta yin zuciyar shekara 33 a kan abin da ba ta ɗauka jikinta ba ne.

Ga kuma "ɗan asalin ƙasa" da ya riga ya kama kunnen mutane da wata ma'ana.

5/ Shi ya sa na tsaya kan su-waye-mu. Ginin Hausa ne, irin na ka-ce-na-ce, kuma tambayar da ƙasa ke amsawa kenan. A labari sai a ce: "Batun Sahara ya shiga cikin su-waye-mu na Maroko, shi ya sa ba ta sassautawa."

Malamai masu aiki a rediyo, ku furta ta da baki ku ji ko za ta zauna a kanun labarai. Nan ne kawai nake jin tsawonta zai iya kawo cikas.