Abin da aka tattauna kan haɗa amfilifaya a mota

Jama'a, maganar da aka yi kan yadda ake haɗa amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) a mota ta yi tsawo, ga abin da na tsinta.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. A cire kan negatif na batir kafin a taɓa komai.
2. Fis ya zauna a kan wayar wuta, kusa da batir, kar ya wuce santimita 45. In waya ta goge da ƙarfe, shi zai hana gobara.
3. Wayar negatif ta amfilifaya, wadda ake ɗaurewa a jikin mota, ta zama gajera, kaurinta daidai da ta wuta. A kankare fenti sai ƙarfe ya fito fes, sannan a ɗaure tamau. Yawancin masu kukan sauti na yankewa, a nan matsalarsu take.
4. Wayar RCA (mai kai sauti daga rediyo zuwa amfilifaya) ta bi gefe guda, ta wuta ta bi ɗayan, saboda ƙugin da ke tashi in an taka totur.

Inda aka rabu:

Mazaunin amfilifaya. Wasu sun ce ƙarƙashin kujera, wasu but. Masu but sun kawo zafin Sakkwato, da ke haura digiri 40 a Afrilu: amfilifayar da ba ta shan iska kashe kanta take yi. Ni dai na fi karkata gare su.

Kafasita kuwa (na'urar da ke tara wuta don tallafa wa amfilifaya), wasu sun yaba, wasu sun ce a fara duba altaneta da batir.