Yadda za a gode wa 'yan mazan jiya

An daɗe ana musayar ra'ayi kan wannan batu, ga abin da ya fi fitowa fili.

Kowa ya yarda ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasar Najeriya ya ƙare a 1970, ta cancanci girmamawa. Amma yawancin masu magana sun ce ajiye furanni sau ɗaya a shekara bai isa ba.

Shawarar da ta fi ratsa ni ita ce ta fansho. Dattijon da ya yi aikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a Laberiya tun 1990, yau ido ya yi rauni, ƙafa ta gaji. Idan lokacin tantancewa ya zo, a samu matashi ya raka shi, ya cike masa takardu, ya bi masa layin banki. Wannan taimako ne na gaske.

Wasu sun tunatar da zawarawa da marayun sojojin da suka rasu a Borno: kuɗin makaranta, buhun hatsi da azumi.

Kuma in ka ziyarci tsohon soja, ka ce "Baba, sannu da ƙoƙari", ka saurara. Kada ka tambaye shi mutum nawa ya kashe.