Wa ke da alhakin goge abu idan wurare biyu suna riƙe da shi a C++?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum. Ina rubuta manhajar rajistar ɗalibai da harshen C++ domin aikin ƙarshen zango a nan Samaru. Duk ɗalibin da na ƙirƙira da new (umarnin ware masa gurbi a ƙwaƙwalwar kwamfuta), nakan ajiye manuninsa (adireshin gurbin nasa) a wuri biyu, wato cikin Sashe da kuma cikin Kwas, kowannensu kuma yana da aikin rushewa (destructor) wanda ke kiran delete, umarnin goge abu da mayar da gurbinsa. Manhajar tana tafiya lafiya, amma da an zo rufewa sai ta faɗi. Malamai, ina kuskuren yake?

Malamin Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kana goge abu ɗaya sau biyu ne. Sashe ya riga ya mayar da gurbin ƙwaƙwalwar, sai Kwas ya zo yana mayar da abin da ba ya hannunsa, ƙa'idar harshen kuwa ba ta yi alkawarin abin da zai biyo bayan haka ba, domin yau manhajar na iya faɗuwa, gobe kuma ta ci gaba da aiki tana ɓata bayanai a ɓoye, wanda a ganina ya fi muni.

Idan ka karɓo littafi daga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, abokinka ya ara ya duba, kai da aka rubuta sunanka ne za ka mayar. Ɗalibi na sashensa ne, kwas aro kawai yake yi. Saboda haka Sashe ya riƙe shi da unique_ptr, manunin da ke mallakar abu shi kaɗai kuma yake goge shi da kansa, wanda ya shigo a ƙa'idar C++ ta 2011, Kwas kuma ya riƙe manuni na zalla, wanda ba ya mallakar komai, ka cire delete daga cikinsa. Sharaɗi ɗaya ne: kada Sashe ya rushe alhali Kwas yana amfani da manunin.

Injiniya daga Kongo:
Na yarda da Malam. Wasu za su ce ka sa shared_ptr ka huta, tunda yana ƙirga masu riƙe da abu, ba ya gogewa sai ƙirgen ya sauka zuwa sifili. Amma idan ɗalibi yana riƙe da kwas, kwas ma yana riƙe da ɗalibi, ƙirgen ba zai taɓa sauka ba, ƙwaƙwalwar ta tafi ke nan har a rufe manhajar, sai fa idan ɓangare ɗaya ya koma weak_ptr, manunin da ba ya shiga ƙirgen. Ita wannan tambayar ta wa ya mallaki abu, a kanta aka gina harshen Rust, wanda sigarsa ta 1.0 ta fito a 2015. Can kuskure irin naka ba ya ma wuce matakin haɗa manhaja.

Ɗan Samaru:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na bar wa Sashe mallakar, faɗuwar ta daina, Valgrind kuma, manhajar binciken kurakuran ƙwaƙwalwa, bai nuna yoyon ƙwaƙwalwa ba. Yanzu ina duba yadda zan cire ɗalibi daga kwasa-kwasansa kafin Sashe ya goge shi.