Musayar waƙa: Alƙali Bao da jaruman ƙasar Sin

Ɗan Garba: Salam jama'a, yau Sin muka nufa, amsa-amo "ci" ne kuma duk wanda ya karya sai ya sake. Na fara da Bao Zheng, alƙalin daular Song, 999 zuwa 1062.

A Hefei aka haifi gwanin hukunci,
A Kaifeng ya zauna kujerar alƙalanci,
Ya buɗe babbar ƙofa ga talaka mai ƙunci,
Ya kai kukansa da kansa, ba ɗan aike mai cin hanci.

Hajiya Ta Sabuwa: Ɗana ka taɓo min inda ke ƙaiƙayi, tunda ka ɗauki tarihi ni bari in kawo na tatsuniyarsu.

Jinjirin wata a goshi, baƙar fuska ba ha'inci,
Da rana shari'ar rayayyu, da dare babu barci,
Matattu na layi gabansa suna neman adalci.
Surukin sarki ya yasar da matar fari don butulci,
Fada ta roƙa, Bao ya sare shi, babu sassauci.

Na Tudu: Hajiya ranki ya daɗe ku ba ni wuri, nawa gwanin mai takobi ne, jarumin yaƙin shugaba Liu Bei, wanda ya taɓa faɗawa hannun abokin gabarsu Cao Cao.

Guan Yu mai jar fuska da gemu, sarkin zumunci,
Cao Cao ya ba shi dukiya da muƙami da karamci,
Ya bar su ya koma wa Liu Bei, ya riƙe aminci.

Tun shekarar 220 ya rasu amma har yau 'yan kasuwa na ajiye gunkinsa a shago, a Hong Kong kuwa 'yan sanda na girmama shi su ma gungun masu laifi haka, wallahi wannan ɗin ya tsaya min a rai.

Autar Mama: Yaya Na Tudu ni dai mai korar aljanu na zaɓa.

Zhong Kui ya ci jarrabawar fada, muni ya ja masa wulaƙanci,
Ya kashe kansa a ƙofar sarki saboda takaici,
Yau hotonsa na tsaron ƙofa, aljanu ne abinci.

Malam Sani: Yara waƙa ta yi daɗi amma a kiyaye.

Gunki ba ya tsare gida, mu namu tauhidi ne mafi inganci,
Mu yabi halin mutum, bauta kuwa sai Mai rahama da jinƙai.

Autar Mama: Baba Malam ka karya amsa-amo, sai ka sake!

Malam Sani: To 'yata, "bauta kuwa sai Mai ba da aminci."

Ɗan Garba: Malam gaskiyarka, shi ya sa ni Bao na ainihi ya fi burge ni, wanda ba wata a goshi ba komai, mutum ne kawai da ya ƙi ci alhali yana kan tukunya.

Ya mulki Duanzhou garin dutsen tawada, magabatansa sun sha wawaso da zalunci,
Ya gama aiki ya tafi ko ɗaya bai ɗauka ba don mutunci,
Ya bar wasiyya: jikana in ya riƙe muƙami ya ci hanci,
Kar ya dawo gida, kar a binne shi cikinmu, ya yanke zumunci.

Saura Mazu, wadda masuntan lardin Fujian ke ɗauka mai tsaron teku, Hajiya ko ke za ki ɗauka?